RA'AYINMU: KIRISTA DA RANAR GODIYAR KAKA TA ƘASA

 Mun gode wa Allah da ya sake nuna mana wata kakar. Gero ya shiga rumbu, dawa ta sunkuyar da kai tana jiran yanka, ikkilisiyoyinmu kuma sun fara shirin sujadar godiya ta shekara.

A wannan lokaci ne wata tambaya ta iso teburinmu daga wani dattijon ikkilisiya. Ɗansa yana aiki a Amurka tare da iyalinsa. Ɗan ya bugo waya ya ce suna shirin ranar godiya ta ƙasar, wadda a can ake kira Thanksgiving: gwamnati ta ba da hutu, za a gasa talotalo, za a yi abincin kabewa, dangi da abokai za su taru. Dattijon ya ce masa kada ya kuskura, domin bikin gwamnati ne, ba ya cikin Littafi Mai Tsarki. Ɗan ya amsa cewa a majami'ar da yake zuwa har sujada ake yi saboda ranar. Magana ta yi zafi, yau kusan wata guda ke nan uba da ɗa ba su gaisa da kyau ba. Dattijon ya roƙe mu mu faɗi gaskiya ko da shi ne ba zai ji daɗinta ba.

Ga matsayinmu tun daga farko. Ya halatta Kirista ya kiyaye ranar godiyar kaka da ƙasarsa ta keɓe, muddin ga Allah Rayayye yake miƙa godiyar. Ba dole ba ne kuma, wanda lamirinsa bai ba shi ba kada a matsa masa. Amma tun da dattijonmu ba da wasa ya yi tambayar ba, mu ma ba za mu amsa da wasa ba.

ASALIN RANAR

A shekara ta 1620 wasu Turawan Ingila su 102 suka haye teku cikin jirgin ruwa mai suna Mayflower, suka sauka a wurin da ake kira Plymouth. Da yawansu masu bi ne da suka rabu da Ikkilisiyar Ingila saboda bangaskiya. Kafin sanyin shekarar farko ya wuce, kusan rabinsu sun mutu da cuta da yunwa. 'Yan asalin ƙasar, mutanen ƙabilar Wampanoag, su ne suka koya musu noman masara. Da kakar 1621 ta yi kyau, sai suka yi kwana 3 suna biki, sarkin ƙabilar mai suna Massasoit ya zo da mutanensa wajen 90, suka kawo naman daji, aka ci tare.

Wannan bikin bai zama ranar ƙasa nan take ba. Shugaba George Washington ya yi shelar ranar godiya a 1789, amma ta shekarar ce kawai. Sai a ranar 3 ga Oktoba, 1863, Shugaba Abraham Lincoln ya keɓe Alhamis ta ƙarshe a watan Nuwamba domin dukan ƙasa, daga nan aka ci gaba kowace shekara. A lura da lokacin: ana tsakiyar yaƙin basasar da ya ci rayuka fiye da 600,000. A cikin shelar ya ambaci albarkar gonaki, ya kira mutane su tuba, ya kuma ce a tuna da gwauraye da marayu da masu makoki. A Disamba 1941 majalisar dokokin ƙasar ta tsayar da ranar a Alhamis ta huɗu ta Nuwamba, haka take har yau. Kanada ma tana da tata a Litinin ta biyu ta Oktoba. Kusa da mu, Ghana ta fara Ranar Manoma a 1985, bayan fari da gobarar daji da yunwar 1983. Nijeriya ba ta da irin wannan rana cikin ranakun hutunta.

ABIN DA MASU ƘI SUKE CEWA

Kada mu ɗauka masu ƙin wannan rana ba su da hujja. Suna da ita, har guda uku.

Ta farko, sun ce Allah bai umarta ba. Bulus Manzo ya nuna damuwa a kan Galatiyawa saboda sun koma kiyaye ranaku da watanni da shekaru (Galatiyawa 4:10-11). Wani abin mamaki ma, su kansu masu bi na farko da suka zauna a wannan yanki na Amurka haka suke tunani. Ko Kirsimeti ba sa yi, har hukumar Massachusetts ta sa tara a kan mai yinsa daga 1659 zuwa 1681.

Ta biyu, sun ce ba aikin gwamnati ba ne ta sa wa mutane ranar ibada. Suna tuna mana da Yerobowam, wanda ya ƙago idi a wata na takwas bisa ga ra'ayin kansa, Allah kuwa bai karɓa ba (1 Sarakuna 12:28-33). A Amurka ma Shugaba Thomas Jefferson ya ƙi yin shelar irin wannan rana, domin yana ganin gwamnati ba ta da hurumin tsara wa mutane addu'a.

Ta uku, sun ce ranar ta gurɓace. Zumuncin 1621 bai daɗe ba. A 1675 yaƙi ya ɓarke tsakanin Turawan da ɗan wannan sarki Massasoit, aka kashe 'yan ƙasa da yawa, aka sayar da wasu bayi, aka ƙwace filaye. Shi ya sa tun 1970 wasu 'yan asalin ƙasar suke taruwa a Plymouth a wannan rana suna makoki. Ban da haka, kasuwa ta shiga ciki. A 1939 Shugaba Franklin Roosevelt ya jawo ranar baya da mako guda domin 'yan kasuwa su sami ƙarin kwanakin ciniki kafin Kirsimeti. A yau kuwa gidaje da yawa ci da kallon wasa a talabijin kawai suke yi, washegari a yi rububin sayayya.

Akwai kuma dalili na huɗu wanda dattijonmu bai rubuta ba, amma mun gane shi. Kakannin wasunmu ba sa taɓa sabon amfanin gona sai an yi wa iskoki yanka. 'Yan bori suna da bikin shan kabewa idan kaka ta yi. Iyayenmu da suka karɓi bishara sun sha wuya kafin su fita daga waɗannan abubuwa: an hana wasu gona, an raba wasu da matansu, an kore su daga gidan gado. Mutumin da ya biya wannan farashi, in ya ji an ce bikin kaka, an kuma ambaci kabewa, dole gabansa ya faɗi. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga igiya sai ya ja da baya. Kada matasa su yi wa irin wannan tsoro dariya.

AMSARMU

Game da hujja ta farko, a duba abin da ya dami Bulus. Galatiyawa sun ɗauka kiyaye ranaku zai ƙara musu wani abu a kan ceton da Almasihu ya gama. Wannan shi ne kuskuren. Amma shi Bulus ɗin ne ya rubuta wa Romawa cewa wani yana ɗaukaka wata rana, wani yana ganin dukan ranaku ɗaya ne, kowa ya tabbata a zuciyarsa, ya yi abin da yake yi saboda Ubangiji (Romawa 14:5-6). Ya kuma gargaɗi Kolosiyawa kada su bar kowa ya hukunta su a kan batun idi (Kolosiyawa 2:16). Idin Furim ba ya cikin Shari'ar Musa. Mordekai da Esta ne suka kafa shi don tunawa da ceton Allah (Esta 9). Idin tunawa da tsarkake Haikali ma an kafa shi ne kimanin shekara 164 kafin haihuwar Almasihu, ba Musa ya ba da shi ba, duk da haka Yohanna ya nuna mana Yesu yana cikin Haikali a lokacin idin yana koyarwa (Yohanna 10:22-23).

Mu kuma dubi namu. Sujadar godiyar kaka da muke yi kowace shekara, inda muke kawo dami da buhu da kaji gaban bagade, wace aya ce ta sa mana ranarta? Babu. A yadda muka san ta, al'ada ce da ta yi ƙarfi a majami'un Ingila. Ana danganta farkonta da wani limami mai suna Robert Hawker a 1843, 'yan mishan kuma suka kawo ta ƙasarmu. Ba ta kai shekara 200 ba. Mun karɓe ta domin ta yi daidai da koyarwar Littafi a kan nunan fari da godiya. In muka ce duk ranar da ba a umarta ba haram ce, to tamu ce za ta fara faɗuwa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Game da hujja ta biyu, Littafi ya nuna mana shelar sarakuna iri biyu. Nebukadnezzar ya kafa gunki a filin Dura, ya ce duk wanda bai yi sujada ba za a jefa shi cikin wuta. Shadrak da Meshak da Abednego suka ƙi, Allah ya tsaya musu (Daniyel 3). Sarkin Nineba kuwa, wanda ba Ba'isra'ile ba ne, ya yi shelar azumi da tuba ga dukan birnin, Allah ya duba ya ji tausayinsu (Yunusa 3). Dukansu sarakuna ne, dukansu sun yi shela. Bambancin yana ga wanda aka kira mutane su rusuna wa. Haka ma Yerobowam: zunubinsa shi ne 'yan maruƙan zinariya da ya kafa a Betel da Dan domin ya hana jama'a zuwa Urushalima. Ranar godiya ta Amurka ba ta kafa gunki ba, ba ta hana kowa zuwa majami'a ba, ba a kuma hukunta wanda ya ƙi yi. Hutu aka bayar. Abin da mutum zai cika hutun da shi yana hannunsa.

Mu da muke zaune 'yan tsiraru a garuruwanmu mun fi kowa sanin haɗarin gwamnati ta ɗauki wani addini ta ɗora wa kowa. Saboda haka muna girmama tsoron da ke bayan wannan hujja. Ranar da wata hukuma za ta ce ga kalmomin addu'ar da dole kowa ya faɗa, ko ga wurin da dole kowa ya durƙusa, ranar ce za mu tsaya inda abokan Daniyel suka tsaya. Amma ba a kai nan ba a batun da ke gabanmu.

Game da hujja ta uku, gaskiya ne tarihin yana da jini, bai kuma kamata Kirista ya rufe wannan da kyakkyawan labari ba. Wanda zai yi godiya a ƙasar da aka ƙwace wa wasu, ya koya wa 'ya'yansa labarin gaba ɗaya, ya yi addu'a domin waɗanda ranar take tuna musu da hasara. Batun ciye-ciye da kasuwa kuwa, Kirsimeti ma ya sha wannan. Ba mu daina tunawa da haihuwar Mai Ceto ba don wasu suna buguwa a ranar. In ƙasa ta manta wanda ake yi wa godiya, gidan mai bi ne ya kamata ya tuna.

Akwai wani abu da ya fi waɗannan duka. Kaka kyauta ce da Allah yake ba kowa. Sa'ad da Bulus ya tsaya a Listira gaban masu bautar gumaka, da ruwan sama da damina mai albarka ya yi musu wa'azi, ya ce waɗannan shaida ce ta Allah a gare su (Ayyukan Manzanni 14:15-17). Yesu ma ya koyar cewa rana da ruwan sama na Uba suna sauka a kan masu adalci da marasa adalci (Matiyu 5:45). In al'umma gaba ɗaya ta tsaya rana guda ta yarda cewa abincinta kyauta ne, ashe mu da muka san Mai bayarwa ne za mu rufe ƙofa mu yi shiru? Cikin kutare 10 da aka warkar, guda ɗaya ne ya komo, shi ma baƙo ne, Yesu kuwa ya tambayi inda sauran 9 suke (Luka 17:11-19).

MA'AUNI UKU

Wannan tambaya ba ta 'ya'yanmu na ƙetare kaɗai ba ce. Ko da yake ba mu da ranar ƙasa, muna da bukukuwan kaka na gari da na ƙabila, muna da kalankuwa, wani lokaci kuma hukuma ko sarki yakan kira taron manoma. Ga ma'auni uku da muke ba dattawa shawara su riƙe, a can da nan.

Na ɗaya: wa ake yi wa godiya? In akwai yanka ga iskoki, ko zuba wa kakanni abin sha a ƙasa, ko rantsuwa a wurin tsafi, Kirista ba shi da rabo a ciki. Bulus ya faɗa sarai cewa ba a haɗa teburin Ubangiji da na aljanu (1 Korintiyawa 10:20-21). A nan babu sassauci, ko sarki ne ya kira, ko gwamnati. Amma in babu wannan, kabewa kabewa ce. Allah ne ya halicce ta, abin da aka karɓa da godiya kuwa ba abin ƙi ba ne (1 Timoti 4:4-5).

Na biyu: me ake yi a wurin? Taro yana iya zama babu tsafi amma cike da buguwa da lalata da fariya. Mai arzikin nan na cikin misalin Yesu bai yi wa gunki yanka ba. Gonarsa ta yi albarka, ya yi shirin manyan rumbuna, ya yi ta magana da kansa, bai ambaci Allah ko maƙwabci ba, a daren kuwa aka nemi ransa (Luka 12:16-21). Musa ma ya gargaɗi Isra'ila cewa lokacin ƙoshi ne mutum yake mantuwa, ya ce ƙarfin hannunsa ne ya ba shi (Maimaitawar Shari'a 8:10-18).

Na uku: wa ke zaune a teburin? Wannan shi ne ma'aunin da muka fi mantawa. A Idin Bukkoki, idin gama tattara amfanin gona, Allah ya lissafa waɗanda za su yi murna tare da mai gida: 'ya'yansa, barorinsa, Balawe, baƙo, maraya da gwauruwa (Maimaitawar Shari'a 16:13-15). A tsakiyar dokokin idodi kuma ya sa dokar kala, cewa kada a girbe gona har gefenta, a bar wa matalauci da baƙo (Littafin Firistoci 23:22). Da wannan kala Rut ta ciyar da surukarta. Godiyar da ba ta kai ƙofar mabukaci ba, ba ta cika ba.

A wannan wuri ne ya kamata mu binciki kanmu. A wasu ikkilisiyoyinmu sujadar godiya ta koma gasa. Ana kiran suna da adadin kuɗi da lasifika, ana gwanjon kaya da farashin nuna isa, gwauruwar da ta kawo mudu biyu na gero tana komawa gida da kunya. Alhali a cikinmu akwai waɗanda 'yan bindiga suka hana zuwa gona, akwai waɗanda sai sun biya kuɗi kafin a bar su su girbe abin da suka shuka, akwai waɗanda ambaliya ta share musu gonaki kamar yadda aka gani a 2022 da 2024, akwai masu gudun hijira da ke kwana a harabar majami'u. Maƙwabtanmu Musulmi suna fitar da zakkar hatsi idan kaka ta yi, suna kuma ganin abin da muke yi da namu. In muka ɓata lokaci muna gardama a kan ranar Amurka, ɗan'uwa kuwa yana kwana da yunwa a bayan gidanmu, mun tace sauro mun haɗiye raƙumi.

SHAWARA

Ga dattijonmu muna cewa: Baba, kishinka domin tsarkin bangaskiya abin yabo ne, da irinsa aka gina ikkilisiyoyin da muke ciki. Amma ɗanka bai koma tsafi ba. Ka kira shi. Ka tambaye shi ko zai tara iyalinsa su yi addu'a kafin su ci, ka tambaye shi wane baƙo ko ɗalibi marar dangi zai gayyata. In ya amsa da kyau, ka sa masa albarka.

Ga ɗan kuma muna cewa: ka girmama mahaifinka. Ya ga abin da ba ka gani ba. Ka yi masa bayani da ladabi, kada ka yi masa gardamar masu ilimi. A ranar, ka karanta wa jikokinsa Maganar Allah, ka ba su labarin yadda bishara ta shigo gidanku, ka kuma tuna da rumbun gida da ikkilisiyar da ta rene ka.

Ga dattawa da fastoci: kada a hori kowa, kada a hana kowa Jibin Ubangiji saboda ya kiyaye irin wannan rana ko saboda ya ƙi. Mai yi kada ya rena marar yi, marar yi kada ya hukunta mai yi. Inda ake shakkar wani bikin gari, dattawa su je su bincika abin da ake yi a ciki kafin su yanke magana, kada su yi hukunci da jita-jita. Muna kuma roƙon kowace ikkilisiya, a godiyar bana, ta ware wani kashi na hatsin da aka kawo tun kafin gwanjo, a auna shi, a kai wa gwauraye da marayu da waɗanda ba su girbe ba, har da maƙwabtan da ba sa sujada tare da mu.

Ga ɗan'uwan da rumbunsa yake wofi bana: kada ka zauna a gida ranar godiya saboda ba ka da abin kawowa. Annabi Habakuk ya ƙudura zai yi murna da Allah ko da gonaki ba su ba da kome ba, garke kuma ya ƙare (Habakuk 3:17-18). Wurinka yana nan a cikinmu, rabonka kuma yana cikin abin da aka kawo.

Ubangijin girbi ya ba mu zuciyar godiya, ya tsare manomanmu a gona da hanya, ya haɗa kan iyaye da 'ya'ya, ya kai mu wata kakar lafiya. Amin.

Edita